Kwaikwayon Fistin Ba Laifi Ba Ne, Satar Suna Ce Ke Karya Kasuwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode, Kara da Mango, ta wuce Dapaong har ta dangana da Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso, ya san cewa babur ya zama jakin wannan zamani. Da shi manomi ke kai amfanin gona kasuwa, da shi ɗan zemijan ke ciyar da iyalinsa, kuma kayan gyaransa, tun daga fistin da ringi har zuwa kafireta da fulogi, wanda wasunmu ke kira buji, su ne jarin da yawa daga cikin 'yan uwanmu 'yan kasuwa. Sai dai kuma kalmomi biyu sun cuɗe a bakin mai saye da mai sayarwa, wato "kwafi" da "jabu", har an wayi gari ana ɗaukarsu abu guda. A ganinmu wannan ruɗani yana jawo mana asara, domin ɗayan kasuwanci ne da doka ta yarda da shi, ɗayan kuwa ha'inci ne tsagwaronsa.

Bari mu faro daga tushe. Idan mutum ya ƙirƙiro wata sabuwar dabara a cikin inji, hukuma kan ba shi takardar mallakar ƙirƙira, wadda ake kira brevet da Faransanci. Takardar yarjejeniya ce tsakaninsa da jama'a: zai bayyana yadda dabarar take dalla-dalla a rubuce, ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera ta ko sayar da ita ba da izininsa ba, har tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa. Da zarar wa'adin ya cika, dabarar ta zama ta kowa da kowa. Haka nan takardar ba ta aiki sai a ƙasashen da aka yi mata rajista.

Idan muka auna injin babur da wannan ma'auni, za mu tarar da cewa akasarin abin da ke cikinsa ya daɗe da fita daga hannun masu shi. Bajamushe Nikolaus Otto ya samu takardarsa ta inji mai bugu huɗu a 1877, aka soke ta a Jamus a 1886 bayan da ta bayyana cewa wani Bafaranshe, Beau de Rochas, ya riga shi rubuta tsarin tun 1862. Kamfanin Bosch ya fito da fulogi mai aiki da wuta mai ƙarfi a 1902. Injin da ke cikin ɗimbin baburan Sin da muke sayarwa kuwa jikan Honda CG125 ne, wanda Japanawa suka fitar a 1975, suka kuma tsara shi musamman don ƙasashen da ake lafta wa babur kaya, ba a kuma cika canza masa baƙin mai a kan kari ba. Duk wata takarda da ta kare wannan inji ta mutu shekaru da dama da suka wuce. Saboda haka masana'antar da ta ƙera fistin na irin wannan inji, ta sa shi a kwali da sunanta na gaskiya, ba ta saci komai ba, kuma ɗan kasuwar da ya sayar da shi a Sokode ba shi da abin jin kunya.

Wannan ba ya nufin takardar ƙirƙira wasa ce. A Indiya, kamfanonin Bajaj da TVS, waɗanda baburansu suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, sun shiga shari'a a 2007 a kan dabarar sa fulogi biyu a kan ƙaramin inji mai silinda ɗaya domin mai ya ƙone sosai. A farkon 2008 babbar kotun Madras ta dakatar da TVS daga sayar da baburinsa mai suna Flame, magana ta je har kotun ƙolin ƙasar a 2009, kuma ba su sasanta ba sai a 2019. Shekara 12 ke nan ana fafatawa a kan fulogi guda ɗaya da aka ƙara. Amma wannan faɗan manya ne, na masu masana'anta, kuma da wuya ya iso rumfar mai sayar da ringi a Dapaong.

Abin da ke isowa rumfarmu shi ne tambari. Suna da tambarin kamfani ba sa mutuwa bayan shekara 20 kamar takardar ƙirƙira, domin ana sabunta rajistarsu duk bayan shekara 10, har illa masha Allahu. Wanda ya ɗauki fulogin da ba a san asalinsa ba ya zuba a kwali mai sunan NGK, ko ya buga tambarin Honda a kan fistin da Honda bai taɓa gani ba, ya saci sunan kamfani, ya kuma yaudari mai saye. A 2004 wata kotu a Beijin ta hana kamfanin Lifan sayar da babura da sunan "Hongda" saboda ya yi kama da Honda. Idan a ƙasar da ake ƙera kayan ma ba a yarda da wannan ba, me zai sa mu mayar da shi abin ado?

Kuma kowa ya san wanda ke kwana a ciki. Ringin da ba a ƙera shi da ƙarfe mai kyau ba yakan saki, iska ta riƙa zurarewa, baƙin mai ya hau sama ya ƙone, babur ya dinga hayaƙi yana rasa ƙarfi, daga nan sai silinda ta karce. Fulogin da bai dace da zafin inji ba yana iya narkewa, har ya huda fistin. Ɗan zemijan da ya karɓi babur bashi yana biya kullum, ya ba da kuɗin kaya na asali aka ba shi jabu, shi ne zai sake buɗe inji, ya yi kwanaki ba aiki, ga mai babur yana jiran kuɗinsa. Bakanike zai gaya masa inda matsalar take, shi kuma zai gaya wa abokan sana'arsa a tasha, kafin a ankara rumfa guda ta ɓata wa layi guda suna.

Wasu za su ce ai mai saye ne ke son araha, kuma idan ban sayar ba maƙwabcina zai sayar. Gaskiya ne talaka ba zai iya sayen na Japan kullum ba, kuma babu wanda ya ce a daina kawo kaya masu sauƙin kuɗi. Abin da muke cewa shi ne a kira kowane kaya da sunansa. A ce wa mai saye ga na kamfanin da ya ƙera babur, ga na wani kamfani mai suna wanda ya fi sauƙi, ga kuma na ƙasa da shi, ya zaɓa daidai aljihunsa. Wanda ya sayi mai araha da saninsa ba zai dawo da faɗa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da 'yan duwan suka kama kwalaye masu tambarin jabu, masana'antar da ta buga su tana can nesa, jarin ɗan kasuwa ne zai salwanta.

Akwai ma wata dama da da yawanmu ba su lura da ita ba. Togo tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yaounde, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangui ta 1977, mai ƙasashe 17. Rajista guda ɗaya a can tana aiki a Togo, Benin, Burkina Faso da Nijar gaba ɗaya, kuma ana iya shigar da buƙata ta ofishin INPIT da ke Lome. Gana da Nijeriya ba sa ciki, don haka mai kai kaya can sai ya yi wata rajistar daban. Abin lura a nan shi ne, a tsarin OAPI wanda ya riga shigar da suna shi ne mai shi. Babban ɗan kasuwar da ke yin odar kwantena daga Guangzhou zai iya sa a ƙera masa ringi mai inganci da sunansa, ya yi masa rajista, ya tsaya a bayan kayansa. Haka 'yan kasuwar Nnewi a Nijeriya suka faro da fataucin kayan gyara, har wasunsu suka kafa masana'antu. Su ma kanikawanmu masu gyara kafireta da dabarun kansu, akwai ƙaramar takarda ta shekara 10 da aka tanada don irin waɗannan ƙananan ƙirƙire-ƙirƙire.

Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suna yada zango a Didawure ta Sokode da Sansanin Mango, ba su da takardar kotu ko ta banki. Amana ce ta riƙe musu kasuwa, mai gida ya tsaya wa baƙonsa, dillali ya faɗi aibin kaya kafin a ƙulla ciniki. Don haka muna kira ga shugabannin zango da na ƙungiyoyin masu sayar da kayan babur a Sokode, Dapaong da Sinkase da su zauna su amince da ƙa'ida ɗaya: a raba kaya aji-aji, a rubuta ajin a kan rasit, a kuma ja kunnen duk wanda aka samu da kwalin jabu tun kafin hukuma ta shigo. Muna kuma kira ga INPIT da ta riƙa tura jami'anta arewa suna yi wa 'yan kasuwa bayani da Hausa, Kotokoli da Moba, domin ba kowa ke iya barin rumfarsa ya tafi Lome neman bayani ba.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana jarinmu da mutuncinmu.