Kogwannin kudancin Sin: Tsirran da ba su da gida na biyu

A watan Mayun shekarar 2022, wata tawagar masu binciken kogwanni ta sauka da igiya cikin wani ƙaton rami a gundumar Leye da ke yankin Guangxi a kudancin ƙasar Sin.

Zurfin ramin ya kai mita 192, kuma a ƙasansa sun tarar da daji sukutum, da itatuwan da tsayinsu ya kusa mita 40. Kafofin watsa labaran duniya sun yi ta yayata labarin.

To sai dai ga masana ilmin tsirrai, abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan yanki shi ne wasu ƙananan tsirrai da ke maƙale a jikin dutse a bakin kogwanni, waɗanda wasunsu ba su kai tsawon yatsa ba, kuma babu inda aka san suna tsirowa a duniya sai kogo ɗaya tak.

Yadda suke rayuwa

Waɗannan tsirrai, da a Turance ake kira fern, ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba su kuma da iri. Ganyen da yawa daga cikinsu ya yi kama da ƙaramin reshen dabino. A bayan ganyen akwai wani gari mai laushi kamar ƙura, wanda iska ke ɗauka, kuma da shi suke yaɗuwa.

Idan garin ya faɗi a wuri mai danshi, sai ya fara fitar da wani ɗan ganye da bai kai farce ba. Daga nan sai an sami laimar ruwa a kansa kafin cikakken tsiro ya fito. Don haka idan wuri ya bushe na tsawon lokaci, zuriyar ta yanke ke nan.

Kudancin Sin kuwa ƙasa ce ta dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Ashaka da Kalambaina da Obajana domin yin siminti. Ruwan sama yana narkar da wannan dutse a hankali, shi ya sa lardunan Guizhou da Yunnan da yankin Guangxi ke cike da kogwanni da ramuka.

Can ƙuryar kogo babu tsiron da ke rayuwa, saboda babu haske. Amma daga bakinsa zuwa 'yan mitoci ciki akwai wuri mai dishi-dishi, mai sanyi da danshi rani da damina. A nan tsirran suka sami mazauni.

Tun daga ƙarshen shekarun 2000, masanin tsirrai Li-Bing Zhang na lambun binciken tsirrai na Missouri a Amurka, tare da abokan aikinsa a Sin, suka riƙa bayyana sababbin nau'o'i na dangin da ake kira Polystichum. Biyu daga ciki, waɗanda aka bayyana a 2010 da 2011 daga lardin Guizhou, an raɗa musu sunayen Latin da ke nufin mazaunin kogo. Da yawa daga cikin irin waɗannan nau'o'i, tun a ranar da aka ba su suna masu binciken suka ce suna gab da ƙarewa.

Ragowar dajin da aka sare

A shekarar 2018 aka wallafa sakamakon wani bincike da Alex Monro na lambun Kew da ke Landan ya gudanar tare da masanan Sin. Sun shiga kogwanni 61, inda suka ƙidaya nau'o'in tsirrai 418.

Kashi 7 cikin ɗari ne kawai daga ciki ba a san su a ko'ina ba sai a kogo. Mafi yawan sauran tsirrai ne na ƙarƙashin inuwar daji.

Wannan ya sa masu binciken suke ganin cewa abin da ke bakin kogwannin ragowa ce ta dazuzzukan da suka taɓa lulluɓe yankin. An yi wa dazuzzukan mummunar sara a ƙarni na 20, musamman daga 1958, lokacin da gwamnatin Mao Zedong ta sa ƙauyuka narkar da ƙarfe a bayan gida, aikin da ya ci itace mai yawan gaske.

Da itatuwa suka tafi, ruwan sama ya wanke 'yar ƙasar da ke kan dutse, ya bar tsandauri. Hukumomin Sin na kiran wannan hamadar duwatsu, kuma tun daga 1999 suke biyan manoma domin su mayar da gonakin kan tudu zuwa daji.

A nan ne amfanin kogwannin ya fito fili. Dasa itatuwa abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da dawo da ɗaruruwan ƙananan tsirran da ke rayuwa a ƙarƙashinsu. Idan ana son dajin ya koma yadda yake, daga bakin kogo za a samo su.

Siminti, 'yan yawon buɗe ido da shara

Barazanar farko ita ce haƙar dutse. Sin ce ke samar da kimanin rabin simintin duniya, kuma ta shafe shekaru fiye da goma tana yin sama da tan biliyan 2 a kowace shekara, kafin harkar gine-gine ta ja baya bayan 2021.

Idan aka sare daji, yana iya tofowa. Tudun da aka niƙe aka zuba a buhu kuwa ya tafi har abada. An ga haka a Malesiya, inda wani ɗan ƙaramin dodon-koɗi da ke rayuwa a kan tudun Bukit Panching kaɗai ya ɓace daga doron ƙasa bayan an haƙe tudun, aka kuma sanya shi cikin jerin halittun da suka ƙare a 2014.

Yawon buɗe ido ma yana da nasa lahanin, duk da cewa ana kallonsa a matsayin hanyar kare wuri. Kafin a buɗe kogo ga baƙi, bakinsa ake fara sharewa, a daɓe shi, a gina matakala da rumfar sayar da tikiti, wato daidai inda tsirran suke.

Ga kuma manoma da ke tsugunar da awaki da shanu a ciki domin fakewa daga rana da ruwa. Ba za a ga laifinsu ba, domin yankin na daga cikin waɗanda suka daɗe suna fama da talauci a Sin.

A tsakiyar 2025 wasu hotunan bidiyo suka bazu a intanet, suna nuna kogwanni a gundumar Cili ta lardin Hunan maƙare da sharar da aka shafe shekaru ana jibgewa. Jama'a sun fusata, hukumomi suka shiga kwashe sharar, aka kuma ɗauki mataki a kan wasu jami'ai.

Alkawarin kashi 30

Sin ce ta shugabanci babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu, wanda aka buɗe a birnin Kunming na Yunnan a 2021, aka kammala a Montreal ta Kanada a watan Disambar 2022. A can ƙasashe suka amince za su killace kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku nan da 2030.

Matsalar wannan ma'auni ita ce da faɗin ƙasa ake lissafinsa. Ƙasa na iya cika alkawarin ta hanyar killace manyan tsaunuka da hamada, ba tare da ta taɓa kogon da ke bayan gonar wani manomi ba, alhali wani nau'in tsiro kacokan a can yake.

Gaskiya ne hukumar UNESCO ta sanya wasu sassan wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya a 2007, ta kuma faɗaɗa su a 2014. Haka kuma Sin ta sabunta jerin tsirran da doka ta kare a 2021, karo na farko tun 1999. Amma ana gano sababbin nau'o'i da sauri fiye da yadda ake gyara doka, kuma tsiron da ba a ba shi suna ba tukuna ba ya cikin kowane jeri.

Abin da ake buƙata bai kai tsadar kafa gandun daji ba: a tura masana su duba tudu kafin a ba da lasisin haƙarsa, a bar itatuwan da ke yi wa bakin kogo inuwa, a kuma biya mutanen ƙauyen da ke kusa su kula da shi.

Wahalar ita ce ƙananan hukumomi ne ke da ta cewa a kan yawancin waɗannan wurare, kuma su ne ke samun haraji daga kamfanonin haƙar dutse da masu yawon buɗe ido. Masanan da za su iya bambanta wani nau'i daga wani kuwa ba su da yawa, ga kogwanni dubbai da har yau babu masanin tsirrai da ya leƙa bakinsu.