Magana a kan ladan masu rufin kwano

Ya ku malamai da almajirai, ina da magana a kan kafintan da ke hawa bisa ɗakunanmu a Fakku da sauran ƙasar Kebbe. Mai ɗaki yakan rage masa lada, ya ce ai nan ƙauye ne, ba birnin Sakkwato ba, zama da sauƙi. Ni ban karɓi wannan hujja ba.

Gero kaɗai ke da araha wurinmu, shi ma sai da kaka. Aikin rufi kuwa da bazara yake yawaita, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Magani da sabulu da zarto mota ke kawo su daga birni, kuma tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuɗin mota ya hau, ɗan ƙauye ke biyan ƙarin. A 2024 hukuma ta yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma kafinta ba shi da ƙarshen wata.

Kun karanta maganar ijara cikin Risala, kun san ana ambata lada tun ba a soma aiki ba. To a yi ciniki gaban shaida, bandir kaza lada kaza, a gwada shi da kuɗin gero na kasuwar wannan mako, ba na bara ba. Limamai su fara da rufin masallaci da makaranta, don nan aka fi ce wa kafinta ya yi saboda Allah, alhali gidansa ba a ɗora tukunya ba. Wassalam.