Annoba Ba Baƙuwa Ba Ce

Duk shekarar da annoba ta faɗo, sai a ji masu mulki suna cewa ta zo ba zato ba tsammani. Wannan magana yaudara ce tsagwaronta. Sanƙarau da kwalara kowacce da lokacinta, kamar shuka da girbi.

Sanƙarau ta rani ce. Tun daga Disamba iskar hunturu da ƙura kan busar da hanci da maƙogwaro su kuje su, ƙwayar cutar ta sami ƙofar shiga jini. In zafin bazara ya tsananta a Maris da Afrilu sai ta yi ƙamari, balle inda ake kwana a cunkushe cikin ɗaki marar taga. Ruwa na sauka, ta ja da baya. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Da ta sake ɓarkewa a 2017, gwamnan Zamfara na lokacin ya ɗora laifin a kan zunubin jama'a. Shin zunubi ne ya hana a tanadi allura tun kaka?

Kwalara kuwa, wato amai da gudawa, damina ce kasuwarta. Ambaliya kan kwashe ƙazantar salga da ta kwata ta zuba a rijiya, ɗumi kuma ya sa ƙwayar ta hayayyafa. A 1991 ta kashe fiye da 7,000, a 2021 fiye da 3,000, a Yunin 2024 ta ɓulla a Ikko.

To, ga 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, abin ya zama gaba kura baya siyaki. Da rani iyali na cikin haɗari a gida, da damina, wadda kan riga ta Arewa sauka, maigida na cikin haɗari a Kudu. Haraji dai ba a taɓa mance karɓarsa ba, ruwan famfo ne ake mancewa.

Saboda haka wajibi ne gwamnatocin Arewa su gama allurar sanƙarau kafin hunturu, na Kudu su yashe kwatoci, su sa wa rijiyoyi magani kafin Maris. Sarakunan Hausawa su kai wannan kuka tun yanzu, su bar jiran ranar ta'aziyya. Wanda gudawa ta kama a ɗura masa ruwan gishiri da sukari, a gaggauta kai shi asibiti.

Mai mulkin da ya san watan zaɓe, ya san watan annoba. Ba a fafe gora ranar tafiya.