MU ZAGA DUNIYA: Filin Marakana Da Mai Tsaron Gidan Da Aka Ƙi Yafe Wa

 A wannan wata za mu haye teku zuwa ƙasar Birazil, a Amurka ta Kudu, mu ziyarci wani filin tamaula da ake kira Marakana, a birnin Riyo di Janairo. Na san samarin gidajenmu sun riga sun ji sunansa. Amma iyaye mata ma su matso kusa, gama labarin wannan fili ya shafi kowane gida.

Baƙo ba ya shan wahala kafin ya kai wurin. Jirgin ƙasa na cikin birni yana tsayawa dab da filin, tashar ma sunanta Marakana. A bakin ƙofa akwai mutum-mutumin Belini, shugaban 'yan wasan da suka fara kawo wa Birazil Kofin Duniya a 1958, ya ɗaga kofin bisa kansa. Nan ne abokai sukan yi alkawarin haɗuwa. In ka sayi tikitin zagayawa, sai a shiga da kai ɗakin da 'yan wasa suke sake tufafi, ka ga rigunan da aka rataye. Za ka ga sawun manyan 'yan wasa da aka adana, kamar su Pele da Ziko. Daga nan sai ka bi hanyar da 'yan wasa suke bi, ka fito bakin ciyawa, ka zauna a kujerar masu koyar da wasa. Mai niyyar zuwa ya zaɓi ranar da ba a wasa, domin ya zaga a natse.

An buɗe filin a watan Yuni 1950, saboda gasar Kofin Duniya ta wannan shekara. A nan ne Pele ya ci ƙwallon da aka lissafa ita ce ta 1,000, ran 19 ga Nuwamba 1969. A nan kuma Jamus ta ci Ajantina 1 da 0 ta ɗauki Kofin Duniya a 2014. An yi wa filin babban gyara kafin wannan gasa, a lokacin gasar yana ɗaukar mutum fiye da 70,000, kowa da kujerarsa. A dā yawancin 'yan kallo a tsaye suke, kafaɗa da kafaɗa.

Amma ranar da mutanen Birazil suka fi tunawa ita ce 16 ga Yuli 1950. Ran nan Birazil ta kara da maƙwabciyarta Yurugwai a wasan da zai nuna mai ɗaukar kofi. Birazil ta riga ta ci Suwidin 7 da 1, ta ci Sifen 6 da 1. Ko kunnen doki aka yi, kofin nata ne. Wata jarida har ta buga hoton 'yan wasan da safe, ta ce ga zakarun duniya. Mutum kusan 200,000 suka cika filin.

Da aka komo daga hutu, Birazil ta jefa ƙwallo ɗaya, fili ya ruɗe da sowa. A minti na 66 wani ɗan Yurugwai mai suna Gija ya taho ta gefen dama, ya miƙo ƙwallo tsakiya, abokinsa ya rama. A minti na 79 Gija ya sake tahowa ta wannan gefe. Mai tsaron gidan Birazil, Mowasir Barbosa, ya zaci zai sake miƙowa tsakiya, sai ya ɗan gusa. Ashe shi Gija raga ya nufa. Ƙwallo ta bi tsakanin Barbosa da sanda ta shige. Fili ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Aka tashi 2 da 1. Bayan wannan ne Birazil ta rabu da fararen rigunan da take sawa, ta koma ga masu launin rawaya da muka sani yau.

Mutum 11 suka shiga wasan, amma Barbosa ne ya fi kowa ɗaukar laifin. Kafin ran nan ana lissafa shi cikin gwanayen masu tsaron gida na duniya, ya kuma ci kofuna da yawa tare da ƙungiyarsa Basko da Gama. Duk aka manta da wannan. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa bayan shekara 20, wata mace ta gan shi a kanti, ta nuna wa ɗanta shi, ta ce ga mutumin da ya sa dukan Birazil kuka. A 1993 ya je gai da 'yan wasan ƙasarsa a wurin da suke shiri, aka hana shi ganinsu, wai kada ya shafa musu rashin sa'a. Ya sha cewa hukunci mafi tsawo a dokar ƙasarsa ta lokacin shekara 30 ne, amma shi nasa ya zarce haka, alhali bai yi laifi ba. Ya rasu a shekarar 2000, shekara 50 bayan wasan.

Shi kuwa Gija, a 2009 aka gayyato shi Marakana aka ɗauki sawunsa da girmamawa. Baƙon da ya ci su sun karɓe shi hannu biyu. Nasu da ya yi kuskuren ƙiftawar ido ne ya sha wuya.

To, 'yan'uwa, ni wannan mace ta kanti ce ta fi tsaya mini a rai. Yaron nan ba a haife shi ba sa'ad da aka yi wasan. Uwarsa ce ta koya masa wanda zai nuna da yatsa. Mu ma mu duba gidajenmu. Yarinya ta fasa tulu sau ɗaya, sai sunanta ya zama mai ɓarna har ta yi aure. Yaro ya faɗi jarrabawa, sai a riƙa tuna masa a gaban baƙi. Maigida ya yi hasara a ciniki shekara 10 da suka wuce, har yau in gardama ta tashi sai an tono. Wanda ba ya tsaron gida ba a cinsa, haka kuma wanda aka aika rijiya shi ne ke fasa tulu.

In akwai wani Barbosa a gidanku, a kira shi yau a gaya masa zancen ya wuce, kada kuma a sake tayar da shi. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.