Ɗalibin Haƙori Tsakanin Korle Bu da Nima

Baligi mai cikakken baki yana da haƙora 32. Idan ɗaya ya fita sai mu ce an yi giɓi, mu wuce wurin kamar abin bai kai a tsaya a kansa ba. Amma giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Haƙoran da ke gefensa sukan karkato, wanda ke fuskantarsa ya zazzago domin ya rasa abokin karo, ƙashin muƙamuƙin da ya riƙe saiwar kuma ya shiga zaizayewa, musamman a watannin farko. Ilimin cike wannan giɓi fanni ne mai zaman kansa a makarantun koyon aikin haƙori, kuma yadda ake koyar da shi ya shafi mutanen Nima da Maamobi fiye da yadda suke zato.

Hanyoyin cike giɓi sanannu ne. Akwai haƙorin roba da ake sawa a cire. Akwai wanda ake kafawa a jikin maƙwabtansa kamar gada. Akwai hular da ake kifa wa haƙorin da ya lalace, kuma duk wanda ya ga haƙorin Makka a bakin alhaji ko hajiya ya ga irinta. Sai kuma dashe, wato a huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura wani ɗan ƙarfen titaniyam mai zare kamar noti, a jira watanni har ƙashi ya kama shi, sannan a ɗora masa haƙori. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashin zomo yana manne wa titaniyam har ya ƙi rabuwa da shi. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe, kuma bayan taron da aka yi a Toronto a 1982 aikin ya bazu a duniya.

A Ghana ana horar da likitocin haƙori a makarantar Jami'ar Ghana da ke Korle Bu a Accra, da kuma ta jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Ba abin mamaki ba ne idan zuciyar ɗalibi ta karkata ga dashe. Shi ne aikin zamani, shi ne mai na'urori, shi ne kuma mai kawo kuɗi. Ra'ayina shi ne a koyar da shi, a kuma koyar da shi da kyau, amma ma'aunin ƙwarewar ɗalibi ya zama wannan: idan dattijuwa daga Nima ta zauna a kujerarsa da turame huɗu a fice, zai iya zaɓar mata abin da ya dace da jikinta da aljihunta, ya kuma fahimtar da ita da harshen da take ji?

Dalili na farko shi ne kuɗi. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa da dokar 2003, yana ɗaukar nauyin cire haƙori da cike rami mai sauƙi, amma haƙorin roba yana cikin abubuwan da aka keɓe, balle dashe. Ma'ana, mai sayar da koko ko waakye a bakin titi tana iya zuwa babban asibitin Maamobi a cire mata haƙori da katinta, abin da zai maye gurbinsa kuwa sai daga ɗaurin zaninta. Likitan da ya fito makaranta ya iya ɗaura ƙarfe a ƙashi, amma hannunsa bai faɗa ba wajen auna baki da gyara haƙorin roba har ya zauna daram, ba shi da abin da zai ba wannan mata. Haƙorin roba kuwa aiki ne mai wuya. Idan ya yi sako-sako sai ya goge dasashi ya yi gyambo, idan tsayinsa ya kauce sai tauna ta gagara, daga nan mai shi ya jefa shi cikin kwano ya koma shan kunu. Wannan ƙwarewa ba ta samuwa sai da maimaici a bakin mutane masu yawa.

Akwai ma lokacin da mafi kyawun magani shi ne a bar giɓin. Wani malami a ƙasar Holan, Arnd Käyser, ya nuna a 1981 cewa mutumin da ke da haƙoran gaba da ƙananan turamen da ke biye da su, kimanin 20 ke nan, yana iya tauna gwargwadon buƙata ko da manyan turamen baya sun tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki riƙe haƙora 20 masu aiki a matsayin abin da ake fata a 1992. Ɗalibin da ya san wannan zai iya ce wa magidanci ya adana kuɗinsa ya kula da abin da ya rage masa. Wanda aka tarbiyyantar a kan cewa kowane giɓi kasuwa ce ba zai faɗi haka ba.

Dalili na biyu shi ne jiki. Dashe yana buƙatar ƙashi mai kauri da dasashi mai lafiya. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba yana jinkirta warkewa, shan taba yana ƙara yiwuwar ƙarfen ya ƙi kamawa, wanda kuma ciwon dasashi ya kaɗe masa haƙora yana iya ganin irin ciwon ya kewaye dashen. Mutumin da ya shekara goma da giɓi sau da yawa ƙashinsa ya riga ya sirance. Saboda haka darasin da ya fi kowanne nauyi a wannan fanni shi ne sanin wanda bai kamata a yi wa dashe ba, ko wanda sai an fara yi masa wani magani tukuna. Ana koyon wannan ne ta hanyar tambaya da dubawa da karanta hoton ƙashi, tun kafin a taɓa na'urar huji.

Dalili na uku shi ne harshe, kuma nan ne masu nazarin Hausa suke da abin cewa. A zangunan Accra Hausa ce ke haɗa ƙabilu masu yawa, ɗalibin kuwa da Turanci ya yi karatu, wataƙila Twi ko Ga ko Ewe yake yi a gida. Dubi kalmar dashe kanta. A wajen manomi, abin da aka dasa yana yin saiwa ya girma. A wajen wanda ya saba jin dashen ƙoda, abin da aka dasa daga jikin wani aka ciro shi. Duka biyun ba su ne abin da likita yake nufi ba. Idan jika ɗan shekara goma sha biyu ne tafinta tsakanin likita da kakarsa, wa ya tabbatar ta gane cewa ƙarfe ne, cewa za a yi watanni ana jira, cewa tsutsar haƙori ba ta cin sa amma naman da ke kewaye da shi yana iya ruɓewa idan ba a tsabtace ba? Sa hannu a takarda ba tare da wannan fahimta ba bai cika yarda ba.

Haka nan akwai tambayoyin da mutumin zango zai so a amsa masa ko da kunya ta hana shi yi. Idan ƙashi ya yi kaɗan akan ƙara shi da wani gari, wanda sau da yawa daga ƙashin saniya ake sarrafa shi, a rufe da wata 'yar fata wadda wasu kamfanoni daga alade suke samo ta. Akwai na roba da za a iya amfani da su a madadin haka. Hukuncin abin na malamai ne, amma sanar da majiyyaci haƙƙi ne a wuyan likita, kuma sai an koya wa ɗalibi zai san ya faɗa. Ya kamata kuma ya san abin da zai ce wa mai cin goro da mai asuwaki, da wanda zai tambayi ko a ɗage tiyata sai bayan azumi.

Mai karatu zai iya cewa, to, in haka ne a bar dashe ga masu zurfafa karatu bayan digiri mana. Gaskiya ne tiyatar mai wuya tasu ce. Sai dai jahiltar dashe ma cutarwa ce. Tun 2002 masana da suka taru a Jami'ar McGill ta Kanada suka yi matsaya cewa wanda ya rasa haƙoran ƙasa gaba ɗaya, abin da ya fi dacewa a fara ba shi shi ne haƙorin roba da aka maƙala a kan dashe biyu, domin na ƙasa shi ne mai yawan zamewa. Ga tsohon da ya gaji da haƙori mai rawa a baki, waɗannan ƙarafa biyu suna iya mayar masa da cin nama. 'Ya'yan zango da ke aiki a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa kuma suna dawowa da dashe a bakinsu, dole a sami wanda zai duba musu shi a gida. Ɗalibi yana buƙatar ilimin, sai dai a gina shi a kan tushensa.

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfin makarantu ba. A sa ɗalibi ya kammala haƙoran roba da hannunsa, ya kuma bi masu su bayan watanni ya ga yadda suka kasance. A tura shi asibitocin unguwa irin na Maamobi ya yi makonni. A jarraba shi a kan bayani kamar yadda ake jarraba shi a kan aikin hannu. Mu kuma masu harshen, aikinmu ne mu zauna da likitoci mu daidaita kalmomin dasashi da turmi da fiƙa da muƙamuƙi da dashe a ɗan littafi da ɗalibi zai sa a aljihu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma likitan da zai duba bakin iyayenmu nan da shekara goma yanzu haka yana aji.