Taya ba ƙauyanci ba ce

Wasu ƴan boko na cewa ciniki ɓata lokaci ne, wai wayewa ita ce farashi rubutacce a jikin kaya. Su je su karanta Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya sami kyautar Nobel a 2002, ya rasu a 2024. A 1974, shi da Amos Tversky sun wallafa wani gwaji: an juya wa mutane faifan caca, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda faifan ya nuna wa 10, tsaka-tsakin amsarsu 25. Waɗanda ya nuna wa 65 kuwa, 45. Lambar farko takan ɗaure hankali kamar turke.

To, rubutaccen farashi turke ne da mai kanti kaɗai ya kafa. A kasuwar tattasai ta Diffa kuwa, manomin bakin Komadugu ya faɗi kuɗin buhu, mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara, har a sallama. Kowa na da bakin magana. Malamai, kada ku koya wa ɗalibanku jin kunyar taya. Ranar da suka bar ta, sai abin da aka yanka musu za su biya.