Rediyo ko kwamfuta: Wanne ya fi isa ruga?

A shekarar 2007 ne aka raba wa ɗaliban firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci, da nufin kowane yaro ya mallaki tasa.

Sai dai shirin bai yaɗu ba, kuma ƙarancin lantarki na cikin matsalolin da ya fuskanta.

Ita kuwa hukumar ilmin makiyaya, wadda aka kafa a 1989, rediyo ta runguma domin ilmantar da mazauna ruga.

A 2020 ma, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohin arewacin Nijeriya da dama ta rediyo suka koyar.

Wannan na nuna cewa na'urar da talaka ya riga ya mallaka ta fi saurin kai wa ɗansa karatu.